Cikin Tagwaye: In Jinin Ɗaya Yana Tsiyaya Wajen Ɗan'uwansa

Yau maganarmu a kan cikin tagwaye ta ke, musamman wani ciwo guda wanda ba uwa ya ke kamawa ba, 'ya'yan da ke cikinta ya ke kamawa. Kai da ka karɓi wannan 'yar takarda a asibitin sha-ka-tafi, in ka gama karantawa kada ka naɗe ka jefa aljihu. Tafi da ita gida ka karanta wa iyalinka, ka kuma karanta wa tsohuwar da ke karɓar haihuwa a unguwarku, don wani sashe na maganar nata ne.

A nan ƙasar Gumel, daga Maigatari har Gagarawa da Sule Tankarkar, da wuya ka sami unguwar da babu Hasan da Usaini, ko Gambo mai bi musu. Ƙasashenmu na Afirka ta Yamma suna cikin waɗanda suka fi ko'ina a duniya haihuwar tagwaye. Wani likita a Ibadan, ana ce da shi Percy Nylander, ya ƙidaya haihuwa a ƙasar Yarbawa cikin shekarun 1960, ya sami tagwaye kamar 45 cikin ko wace haihuwa 1,000. Garin Igbo-Ora na Jihar Oyo har kirari a ke yi masa da garin tagwaye. Mu nan arewa ba mu kai su ba, amma mu ma ba baya ba ne.

To, amma kowa ya san wani abu kuma. Ko wace tsohuwa tana iya ba ka labarin matar da cikinta ya yi girma na ban mamaki tun yana wata biyar, aka yi ta cewa lalle 'yan biyu ne, ana murna, sai ran nan faya ta fashe, ruwa ya malale ɗaki, 'ya'ya biyu suka zo ba rai, ɗaya jajawur a kumbure, ɗaya fari fat ƙanƙane kamar ba cikinsu ɗaya ba. Waɗansu su ce maita ce, waɗansu su ce iska, waɗansu su ce zaƙi ne ya yi mata yawa. Ba ko ɗaya. Ciwo ne sananne, an san sanadinsa, an kuwa sami maganinsa.

TAGWAYE IRI BIYU NE

Kafin ka gane ciwon sai ka fara gane wannan. Akwai tagwayen da suka fito daga ƙwai biyu. Watau a wata guda uwa ta saki ƙwai biyu, ko wane ya zama ɗa. Waɗannan 'yan'uwa ne kurum da suka yi zaman ciki tare. Suna iya zama mace da namiji, ɗaya dogo ɗaya gajere. Ko wane yana da mabiyiyarsa, watau uwar cibiya, wadda ke manne jikin mahaifa tana ɗebo masa abinci da iska daga jinin uwa. Ko da mabiyiyan nan biyu sun manne da juna har a ga kamar ɗaya ce, hanyoyin jininsu ba su haɗu ba. Galibin tagwayenmu irin waɗannan ne, kuma ciwon da mu ke magana ba ruwansa da su. In an ce miki mace da namiji ki ke ɗauke da su, to, ta wannan wajen kwantar da hankalinki.

Akwai kuma tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya wanda ya tsage biyu. Su ne masu kama da juna har uwarsu ta kan ɗaura wa ɗaya zare a hannu don ta bambanta. Kullum ko maza biyu ne, ko mata biyu. Yawansu kusan ɗaya ne ko'ina a duniya, kamar 4 cikin haihuwa 1,000. In ƙwan ya tsage da wuri, cikin kwana 3 na farko, ko wane ɗa ya kan sami mabiyiyarsa. In kuwa ya jinkirta zuwa tsakanin kwana 4 da 8, sai su sami mabiyiya ɗaya, amma ko wane da jakar ruwansa. Kamar kashi biyu cikin uku na tagwaye masu kama da juna haka su ke. Ka ɗauke su kamar ƙwayar gyaɗa biyu cikin kwanso guda, ko wace da 'yar jar rigarta.

Mabiyiya ɗaya, cibiya biyu. Nan ne maganar ta ke.

YADDA CIWON KE AUKUWA

In ka duba fuskar mabiyiya za ka ga jijiyoyin jini sun bazu daga gindin cibiya kamar saiwar itace. In 'ya'ya biyu ke tarayya cikinta, saiwar wannan da ta wancan su kan gamu a tsakiya su haɗe. Jini ya riƙa ƙetarawa daga wannan ɗa zuwa wancan, ya kuma komo. Muddin abin da ya tafi daidai ya ke da abin da ya komo, ba kome, su girma lafiya lau. Mafi yawansu haka su ke ƙarewa.

Amma cikin irin waɗannan tagwaye 100, a kan sami 10 zuwa 15 da awon ya kan karkace. Ka san masu lambu biyu da ke ban ruwa daga rijiya ɗaya. In lambatun ya ɗan gangara wajen ɗaya, sai komai nasa ya jiƙe har ya ruɓe, na maƙwabcinsa kuwa ya bushe, alhali ruwan rijiya bai ƙare ba. To, haka jini ke tsiyaya kaɗan kaɗan, dare da rana, daga ɗa guda zuwa ɗan'uwansa. Bari mu kira na farko mai bayarwa, na biyu mai karɓa.

Mai bayarwa jininsa ya ragu. Jikinsa ya shiga tattali, ya riƙa aika ɗan abin da ya rage zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya, ya rage wa ƙoda. Ƙoda ta bar yin fitsari. Ga wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: ruwan nan da ɗa ke kwance ciki, wanda ke zubowa in faya ta fashe, daga wajen wata huɗu zuwa gaba yawancinsa fitsarin ɗan ne. Ba ƙazanta ba ne, haka halittar ta ke. Sabo da haka in mai bayarwa ya bar fitsari sai ruwansa ya ƙafe, jakarsa ta lulluɓe shi ta matse shi jikin bangon mahaifa, ya kasa ko juyawa.

Kada ka ce mai karɓa shi ya ci riba. Sau da yawa ma shi ke fara galabaita. Jini ya yi masa yawa, zuciyarsa 'yar ƙarama ta shiga aikin da ya fi ƙarfinta, kamar jakin da aka labta wa kayan raƙumi. Ya yi ta fitsari don ya rage, jakarsa ta cika ta batse. In abin ya ci gaba zuciyar ta gaji, ruwa ya taru masa a ciki da ƙirji da ƙarƙashin fata. Wannan ruwa mai yawa shi ne ke kumbura cikin uwa, shi ne kuma ke danna bakin mahaifa har ya buɗe tun lokaci bai yi ba.

Akwai wani haɗari kuma. Da ya ke jininsu a haɗe ya ke, in ɗaya ya mutu cikin ciki, jinin mai ran ya kan kwarara cikin mamacin nan take. Wani sa'i ya bi ɗan'uwansa, wani sa'i ya rayu amma ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. In ciwon ya yi tsanani tun ciki bai kai wata shida ba, aka kuwa bar shi ba magani, cikin 10 a kan rasa 'ya'yan a 8 ko 9.

Ina so in tsaya nan in faɗi wata magana, don na san abin da ke biyo bayan ɓari a gidajenmu. Ciwon nan ba laifin matar ba ne. Ba don ta sha rake ko zuma ba ne, ba don ta yi daka ko ta ɗauki tulu ba, ba kuwa kishiya ce ta yi mata wani abu ba. Ba gadonsa a ke yi ba, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Tun cikin makon farko, kafin ita kanta ta san tana da ciki, aka ƙaddara mabiyiya ɗaya ce. Har wa yau, jinin uwa dabam na 'ya'ya dabam, ba su garwayuwa. Don haka ko an yi wa uwa ƙarin jini leda goma, ba zai gyara rabon da ke tsakanin 'ya'yan ba.

ABIN DA UWA ZA TA JI

Ke mai ciki, saurara da kyau. Ciwon ya fi bayyana tsakanin mako 16 da mako 26, watau daga wajen wata huɗu zuwa wata shida, in an fara ƙirga daga ranar da jinin al'adarki na ƙarshe ya zo. Ciki kullum girma ya ke yi, ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne girma na gaggawa. Zanen da ki ka ɗaura ya zagaye ki ran kasuwar Maigatari, ran Alhamis, in wata Alhamis ta kewayo ki ga ya kasa. Fatar ciki ta miƙe tana ƙyalli, in kin taɓa ki ji tauri kamar ganga. Numfashi ya yi miki wuya, ki kasa kwanciya rigingine, ki ci loma biyu ki ji kin cika. Baya da ƙugu su riƙe, mara ta riƙa ɗaurewa tana saki kamar naƙuda alhali wata biyar ne. Wata kuma ta kan ce motsi ya koma gefe guda, ɗaya gefen shiru.

In kin ji haka, ba maganar jiƙo ba ce, ba ta maganin zaƙi ba ce, ba kuwa ta wanzami ba. Kada a yi ƙaho, kada a yi tsaga a ciki. Kada ma a jira ranar awo ta kewayo. A ranar a tafi asibitin da ke da na'urar hoton ciki.

Na san al'adarmu ta kunya, musamman a cikin fari. Yarinya ta kan ɓoye ciki har sai ya tona kansa, ba ta faɗa wa uwar miji, balle ta tambayi miji kuɗin mota. Kunya abu ne mai kyau a wurinta. Amma a nan sai manya su sauƙaƙa mata. Ke uwar miji, ke ce ki ka fi kowa ido, kin ga ciki ya fi ashirin. In kin ga na surukarki ya yi gaba da watanninsa, ke za ki kira ɗanki ki ce ya kai ta.

HOTON WATA UKU

Alamun da na lissafa ba su zuwa sai ciwo ya yi nisa. Hanyar riga shi ita ce hoton ciki, wanda a ke ce wa sikanin. Wani likita a Glasgow ta ƙasar Sikotlan, Ian Donald, shi da abokan aikinsa suka fara bayyana wannan dabara a 1958. Na'urar tana aika wani sauti ne wanda kunne ba ya ji, sautin ya bugi abin da ke ciki ya komo, ya zama hoto a allo. Ba allura, ba yanka, ba ta cutar da ɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce ko wace mai ciki ta je awo sau 8, a kuma yi mata hoto sau ɗaya kafin mako 24.

Ga mai tagwaye, hoton da ya fi ko wane daraja shi ne na tsakanin mako 11 da 14, ƙarshen wata na uku. A wannan lokaci ne likita ke iya faɗi da tabbaci ko mabiyiya ɗaya ce ko biyu. Shamakin da ke tsakanin 'ya'yan ya ke dubawa. In mai kauri ne, gindinsa da faɗi kamar an sa masa waigi, mabiyiya biyu ce. In siriri ne kamar yanar gizo, ya sauka kan mabiyiya a miƙe, to, ɗaya ce. Ciki na ƙara girma, ganewa na ƙara wuya. Wadda ta fara zuwa awo a wata shida ta bar wannan dama a baya.

Sabo da haka in mai hoto ya ce miki, "Malama, 'yan biyu ne," kada murna ko firgita ta hana ki tambaya ɗaya: "Mabiyiyarsu ɗaya ce ko biyu?" Ki roƙe shi ya rubuta amsar a katin awonki. In biyu ce, hoto kamar wata wata ya isa. In ɗaya ce, ƙa'ida ita ce daga mako 16 a riƙa hoto ko wane mako biyu har a haihu. Na san nauyi ne, ga kuɗin mota ga na hoto, ga aikin gona in damina ce. Amma ciwon nan yana iya tashi daga ba kome zuwa matsananci cikin kwana goma sha, shi ya sa ba a yarda a yi wata guda ba a duba ba.

Abin da a ke aunawa ba boyayye ba ne. A kan auna zurfin ruwan ko wane ɗa. In na ɗaya ya wuce santimita 8, na ɗayan bai kai 2 ba, ciwon ya tabbata. Sa'an nan a duba mafitsarar mai bayarwa ko da fitsari ciki, a duba gudun jini a cibiya, a duba zuciyar mai karɓa. Wani likita a Amurka, Ruben Quintero, ya kasa ciwon hawa biyar a 1999, likitoci kuwa da wannan ma'auni su ke magana har yau. A hawa na ɗaya sau da yawa sa ido kurum a ke yi, don waɗansu su kan tsaya nan ko su warware da kansu. Daga hawa na biyu, inda mafitsara ta bushe, sai a nemi yin aiki.

AIKIN HASKEN LEZA

Tun cikin shekarun 1870 da 1880 wani likitan haihuwa Bajamushe, Friedrich Schatz, ya zauna ya yi ta binciken mabiyiyar tagwaye, ya nuna jijiyoyin nan da ke haɗa su. Watau an san sanadin ciwon shekara ɗari kafin a sami hannun da zai kai wurin. Yaya za a shiga cikin mahaifa a toshe jijiya mai kaurin zare, ba tare da an zubar da cikin ba?

Amsar ta zo ta wajen haske. Ka tuna yadda yara ke tara hasken rana da gilashi a kan takarda har ta yi hayaƙi. A 1960 wani masani a Amurka, Theodore Maiman, ya ƙera na'urar farko mai fid da irin wannan haske tararre, wanda a ke kira leza. Ana iya bi da shi ta cikin wani zaren gilashi siriri, ya fita a bakin zaren ya ƙona daidai inda aka nuna, ya bar abin da ke gefe. A 1988 Likita Julian De Lia a Amurka ya fara toshe jijiyoyin mabiyiya da shi, amma sai da ya yanka cikin uwa tukuna. A 1995 Yves Ville da Kypros Nicolaides na Asibitin King's College a Landan suka ba da labarin yadda suka yi aikin ta 'yar huda kurum, ba yanka. Hanyar da a ke bi yanzu ke nan.

Ga yadda a ke yi. A kashe wa uwa zafin wurin da allura, galibi idonta biyu. A yi 'yar huda a fatar ciki, a zura wani bututu wanda kaurinsa kamar milimita 3 ne, bai kai kaurin fensir ba. Cikin bututun akwai madubi da fitila da zaren leza. Jakar mai karɓa a ke shiga, don ruwan nan mai yawa shi ke ba da fili a gani. Likita ya bi fuskar mabiyiya yana kallo a allo, ya nemo ko wace jijiya da ta taso daga wannan ɗa ta haɗe da ta wancan, ya haska mata leza har ta yi fari ta toshe. Mai karatu zai tuna da sakiya, to, da ɗan kama, sai dai wannan ba ƙarfe ba ne, kuma ba a taɓa jikin 'ya'yan ko kaɗan. Likitocin Leiden ta ƙasar Holan da abokansu suka nuna a 2014 cewa in an gama, aka kuma ja layin ƙuna daga wannan gefen mabiyiya zuwa wancan, an fi tsira daga ƙananan jijiyoyin da ido ya tsallake. Da haka mabiyiya ɗaya ta zama kamar gona da aka yi wa iyaka, kowa ya ci nasa. Daga ƙarshe a zuƙe ruwan da ya yi yawa, a zare bututu. Aikin bai cika wuce sa'a guda ba. Uwa ta kan ji sauƙin numfashi tun a kan gadon, bayan 'yan kwanaki kuwa a ga mafitsarar mai bayarwa ta soma cika.

An gwada wannan aiki gwaji na sosai. A 2004 aka buga sakamakon wani bincike da likitocin Faransa da Beljiyam da waɗansu ƙasashe suka yi kan mata 142. Rabi aka yi musu leza, rabi aka riƙa zuƙe musu ruwa da allura kurum. Cikin waɗanda aka yi wa leza, 76 bisa 100 sun sami aƙalla ɗa guda da rai bayan kwana 28 da haihuwa. Cikin waɗanda aka zuƙe wa ruwa, 56 bisa 100. Taɓuwar ƙwaƙwalwa ma ta fi ƙaranci wajen 'ya'yan leza. Daga baya hannu ya ƙara faɗawa. A wuraren da suka ƙware, yanzu kamar mata 9 cikin 10 su kan tsira da aƙalla ɗa guda, kamar biyu cikin uku kuwa da duka biyun.

Ba zan ɓoye muku aibinsa ba. Jakar da aka huda ba ta cika haɗewa sarai ba, sabo da haka faya ta kan fashe da wuri ga mata da dama, galibin 'ya'yan kuwa bakwaini a ke haifarsu, wajen mako 32 ko 33. Wani sa'i ɗa guda ya mutu bayan aikin, musamman in rabonsa na mabiyiya ƙanƙane ne tun asali. An fi yin aikin tsakanin mako 16 da 26. In ciwon ya yi sammako, kafin mako 16, abin ya fi wuya, don fatun jakar guda biyu ba su gama mannewa da juna ba, huda na iya raba su. Duk da haka waɗansu cibiyoyi su kan yi shi a lokacin in sun ga jira zai kashe 'ya'yan.

TO, MU FA A NAN?

Na san abin da ke ranka. Kana cewa, malam, ka kai mu Landan ka kai mu Holan, ni kuwa ga ni a ƙauyen Sule Tankarkar. Gaskiyarka. Aikin leza ba na sha-ka-tafi ba ne, ba kuwa na ko wane babban asibiti ba. Ko a Turai 'yan cibiyoyi kaɗan ke yinsa, ƙasa guda ta kan tara masu ciwon wuri ɗaya ko biyu don hannun likita ya saba. Kuɗinsa da yawa. Kuma ciwon ba kullum a ke gamuwa da shi ba. In ka bi lissafin da na ba ka a baya, za ka ga kamar ciki ɗaya ne cikin 3,000.

Amma kada wannan ya sa ka ce zuwa asibiti ba amfani. Duba lissafin nan na 2004 kuma. Waɗanda ba su sami leza ba, aka zuƙe musu ruwa kurum, fiye da rabinsu sun tafi gida da ɗa, alhali in an zauna gida kusan duka a ke rasawa. Zuƙe ruwa kuwa ba ya bukatar kome sai doguwar allura mai tsabta, da na'urar hoto, da likitan mata wanda ya iya. A kan cire lita ɗaya, biyu, har uku a zama guda. Bai toshe jijiyoyin ba, ruwan zai komo, a sake cirewa. Amfaninsa shi ne ya sassauta wa mahaifa, ciki ya ƙara makonni. Ko wane mako guda kuwa da ɗa ya ƙara cikin uwarsa tsakanin wata shida da wata takwas, ƙarin rai ne gare shi. In ciki ya kai inda ɗa zai iya rayuwa a waje, a yi wa uwa allurar da ke nunar da huhun jariri, a zaɓi ranar da za a fid da su kafin ciwon ya ci ƙarfinsu.

Hanyar ita ce daga sha-ka-tafi zuwa Babban Asibitin Gumel, ko asibitin Jahun inda ƙungiyar likitocin MSF ta fara aikin haihuwa tun 2008. Daga can in an ga alamar ciwon a rubuta muku takarda zuwa wurin ƙwararrun likitocin mata, a Dutse, ko Birnin Kudu, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a Kano. 'Yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, mutanen Dungas da Magarya, nasu babban asibitin yana Damagaram. In iyali suna da halin neman leza, su faɗa wa likita tun ran farko, kafin a soma zuƙe ruwa, don huda ta farko ta kan sa jini ya gurɓata ruwan ko fatun jaka su rabu, aikin leza ya yi wuya daga baya. Likitan shi zai faɗi inda za a nufa da kwanakin da suka rage.

Maigida, kai kuma ga naka. Ran da aka ce maka tagwaye ne, daga ran nan fara tanadi. Ware akuya ko buhun riɗi ka ce wannan na mota ne. Yi magana da direba guda wanda zai tashi ko da tsakar dare. Nemi 'yan'uwa biyu ko uku da za su ba da jini in an bukata. In kuwa fatauci zai kai ka Legas ko Kurmi da shanu, ka bar izini a bayyane gaban mahaifiyarka, cewa in abu ya taso a tafi da ita ba sai an jira ka ba. Likita Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a Zariya tsakanin 1976 da 1979, abin da ya fi fitowa fili cikin bincikensa kuwa shi ne, matan da ba su taɓa zuwa awo ba, aka kawo su a makare, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba.

Sauran ka'idodin awo duk suna nan, sun ma fi ƙarfi ga mai tagwaye: ƙwayar ƙarin jini kullum, maganin rigakafin zazzaɓin sauro, gidan sauro, allurar sandarewar jarirai, da awon hawan jini, don jijjiga ta fi kama masu 'yan biyu.

RAN HAIHUWA

Tagwaye masu mabiyiya ɗaya, ko ba su da ciwon nan, ba a barinsu su cika wata tara cif. Likitoci su kan so a haife su wajen mako 36 zuwa 37. A asibitin da ke da ɗakin fiɗa da jini a ajiye za a haihu, don na biyu ya kan juya ya gicciye bayan na farko ya fito, mahaifar da ta miƙe ƙwarai kuwa ta kan yi nawar tsukewa, jini ya ɓalle.

Ke ungozoma, ga naki sashen da na yi alkawari. In haihuwa ta rutsa a gida ko a hanya, ɗa ya fito, ki ka ga ciki bai sauka ba, to, akwai wani. Kada ki ja cibiya, kada ki ba da wani maganin fid da mabiyiya. Ki ɗaure cibiyar na farko wuri biyu da zare mai tsabta, ki yanke tsakani da sabuwar reza. Ɗaurin da ke wajen uwa ki ƙulle shi tam. In mabiyiyarsu ɗaya ce ki ka bar wannan bakin a sake, jinin na cikin ne zai tsiyaye ta nan kina kallo.

In sun fito ki ka ga ɗaya jajawur, ɗaya fari kamar an wanke shi, dukansu biyu na asibiti ne a ranar. Farin yana iya bukatar ƙarin jini. Jan kuwa jininsa ya yi kauri, shawara ta kan kama shi da ƙarfi cikin kwana biyu ko uku, idonsa da fatarsa su yi rawaya, in ba a sa shi ƙarƙashin fitilar asibiti ba ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Kada a yi musu wanka tukuna. A goge su, a sa musu hula, a kwantar da ko wane tsirara a ƙirjin babba, ɗaya wajen uwa, ɗaya wajen kaka ko gwaggo, a ɗaure da zane a lulluɓe, a ba su nonon farko, a tafi da su haka cikin mota. Mabiyiyar ma kada a binne ta tukuna. A sa ta cikin leda ko kwano mai murfi a kai wa likita ya duba, in ya gama ya mayar muku.